Taɓaryar da Aka Ce Ta Tashi Ƙasa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kuma san abin da ke kwance a ƙarƙashinta. Ku gyara zama, mai goro ya ɓantara wa maƙwabcinsa, domin hanyar da zan bi da ku tana da tsawo, ni kuwa ba mai sauri ba ne.

Sunana Nomau, bafatake, mutumin Birnin Natsu. Birninmu yana zaune a tsakiyar wani fili mai faɗin da ido ba ya iyakance shi, nesa da teku, nesa da duwatsu. Tun zamanin kakannin kakanninmu ba a taɓa jin ƙasa ta motsa a can ba. Shi ya sa muke gina soraye masu kauri, mu ɗora musu rufin ƙasa mai nauyi, mu kwanta a ƙarƙashi mu yi minshari.

Ina da yaya mai suna Hakama, wadda ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ita ce shugabar masu lugude a birnin. In ana biki, mata suka kewaye turmi suna zuba taɓare bi da bi, Hakama ce ke ba da amo. Takan cilla taɓarya sama, ta tafa, ta juya, ta cafe, ba tare da ta ɓata kiɗan ba. Maza sukan yi kamar wucewa za su yi, sai ka gan su tsaye a bakin zaure sun manta inda za su.

A hantsin wata Laraba, farkon damina, ana lugude a filin kasuwa saboda bikin gidan Sarkin Pawa. Hakama ta cilla taɓarya, ta cafe, ta dankara wa turmi. Sai ƙasa ta yi wani irin gurnani daga can ciki, ta ja ƙafafunmu gaba, ta maido su baya. Randuna suka fashe, awaki suka tsinke igiya. Kafin mutum ya gama salati abin ya wuce, amma ya bar katangu a zube. A can ƙofar yamma, ƙarshen gari, soro ya rufta wa wata tsohuwa mai ciwon ƙafa, Inna Tabawa, mahaifiyar Barmo mai unguwa.

Barmo ba mugu ba ne. Shi ya tone uwarsa da hannunsa, har faratansa suka zazzage. Amma da aka dawo daga jana'iza, ya tsaya gaban Magajin gari, idanunsa jajur, ya ce, "Ranka ya daɗe, ina wurin. Da kunnena na ji. Ta buga, ƙasa ta amsa. Ƙasa barci take yi tun da aka halicce ta, wannan matar ta tashe ta."

Mutane a tsorace suke, ga shi an miƙa musu abin da za su riƙe. Nan take aka naɗa Barmo Wakilin Shiru. Aka kife turame, aka ƙone taɓare, aka kwance fatun ganguna, aka hana maƙera ɗaga guduma. Muka koma cin dafaffiyar dawa ɗungum kamar dawaki. Hakama kuwa aka sa ta cikin wani rumbu da babu hatsi, saboda rumbu kan duwatsu yake, ƙafarta ba za ta taɓa ƙasa ba. Hukuncinta shi ne a sare hannunta na dama a binne, a ba ƙasa haƙuri da shi. Abu ɗaya ya jinkirta wuƙar: a al'adarmu ba a zubar da jinin mutum tsakanin shuka da girbi. Sai ranar da sabon hatsi ya nemi rumbun.

Na je na hau dutse, na leƙa ta bakin rumbun, na ce, "Yaya, zan je in durƙusa wa Barmo."

Ta ce, "In ka durƙusa masa saboda ni, da hannun da ya rage zan mare ka. Roƙo na mai laifi ne. Shekara nawa ina daka a garin nan, ƙasar kurma ce sai ran Laraba?"

"To me zan yi?"

"Kai ba bafatake ba ne? Duniya da faɗi. Je ka tambayo abin da ke girgiza ƙasa. In taɓaryata ce, ka dawo ka faɗa mini, ni da kaina zan miƙa hannun."

Taɓaryarta tana cikin kayana, na ɓoye ta tun ranar da ake ƙonawa. Na naɗe ta da tabarma, na ɗora wa jakina Auraki, muka fita.

Bayan tafiyar kwanaki na sauka a wani ƙauye na tarar suna gyaran rijiya. Na tambaya, suka ce wata Laraba da hantsi ƙasa ta girgiza ta tsaga bakinta. Na ce a raina, lalle hannun Hakama da tsawo, in har nan ya kai. Na sha ruwa na wuce.

Na ƙetare hamadar farin gishiri, na bi ta wani daji da itatuwansa ke zubar da ganye sama maimakon ƙasa, har na iso Birnin Lallaɓa, a gindin wasu duwatsu. Tun daga nesa na ga hayaƙi, na ga mutane, amma ban ji ko tari ba. Kowa ya naɗe ƙafafunsa da auduga. Magana sai raɗa. Zakaru an ɗaure musu baki da zare. Abincinsu nono da dabino, don kada a yi daka. Muna shiga ƙofar gari, Auraki ya hangi wata jaka, ya buɗe baki ya kwarara kuka iya ƙarfinsa.

Mutane suka zube ƙasa suna shafa ta kamar masu lallashin jariri. Dogarai suka lallaɓo suka kama ni, suka kwance kayana, suka ga taɓarya. Wani ya suma. Aka kai ni gaban Sarkin Raɗa, wanda ke shari'a a kan wani faffaɗan dutse a tsakiyar gari.

Ya sa bakinsa a kunnena ya ce, "Baƙo, ka san abin da ka shigo da shi?"

Na ce, "Taɓarya ce, ranka ya daɗe."

"Rage murya! Tun zamanin kakan kakana ba a buga irinta a nan ba."

"To tun daga lokacin ƙasa ta daina girgiza?"

Ya raɗa, "Kusan kowace shekara takan yi."

"Duk da wannan shirun?"

"Ai ka gani. Da shirun ma ke nan. Ina ga muna hayaniya?"

Na dubi yaransu, waɗanda ba su taɓa dariya da ƙarfi ba, na ga abin da Birnin Natsu zai zama. Sarki ya yanke hukunci a nutsar da ni da taɓaryar a cikin taɓo, saboda taɓo ba ya ƙara. Na ce na yarda, amma a bar ni in riƙe ta da hannuna, kayan yayata ne. Da suka miƙo mini, sai na ɗaga ta sama da hannu biyu, daidai kan dutsen, na buɗe murya yadda ake kiran jaki a jeji.

"Duk wanda ya matso, in sake ta!"

Wallahi ban taɓa ganin gari guda ya daskare ba sai ranar. Sarki ya haɗa hannuwa yana roƙona da ido. Na ce a kawo jakina, aka kawo. Na ce a ɗaura masa kaya, a ƙara da dabino, aka ƙara. Na fita da baya da baya, taɓarya a sama, jama'a na buɗe mini hanya. Da na kai bakin ƙofa na tsaya, na dankara ta da ƙasa har sau da yawa, ina kallonsu. Ƙura ta tashi ta kwanta. Babu abin da ya motsa sai wata yarinya da ta fashe da dariya, uwarta ta toshe mata baki. Na kaɗa Auraki muka yi gaba.

Daga nan hanya ta kai ni garin Tsaga. Gari ɗaya ne, amma wani rami mai zurfi ya raba shi biyu, ya miƙe kudu da arewa har inda ido ya gaza. Gadar igiya ce ke haɗa ɓangarorin, mai kula da ita kuwa wani jan mutum ne mai yawan dariya, sunansa Jatau. Ya ba ni masauki, na faɗa masa abin da ya fito da ni.

Ya ce, "Taɓarya? Abokina, zo ka ga abu." Ya ja ni ƙofar gidansa ya nuna tsallake. "Lokacin da mahaifina da ƙanensa suka gina gidajen nan, ƙofofinsu suna kallon juna. Yanzu gidan baffa ga shi can ya yi arewa, na surukata ya zo daidai ƙofata. In na buɗe ƙofa da safe, fuskar surukata nake fara gani. In taɓarya ce ta yi mini wannan, nuna mini mai ita in kai ƙara."

Na ce, "Gidan tafiya yake yi?"

"Ƙasar ce ke tafiya. Ɓangaren can yana son arewa, namu yana son kudu. Amma can ƙasa sun ciji juna, ba mai sakin wani. Dubi shingen can."

Na ga wani dogon shingen dutse da ya nufo ramin, ya lanƙwashe kamar baka.

"A miƙe aka gina shi. Haka zai yi ta lanƙwasa, igiyar gadata na ƙara ɗamewa, shekara da shekaru. Rana ɗaya cizon ya suɓuce, kowane ɓangare ya yi tsalle ya kai inda yake so. Tsallen nan shi ne girgizar. Ƙanana muna samu kowace shekara. Babba kuwa, mutum yakan ga ɗaya a rayuwarsa, in ya yi tsawon rai ya ga ta biyu."

"Kun san ranar?"

"Da na sani, da na kwashe surukata na kai ta tsakiyar gada." Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce, "Wasa nake yi, tsohuwar kirki ce. Ba wanda ya san ranar sai Allah. In kana son sanin abin da ke tura ƙasar, sai ka je Tsibirin Rawa. Matuƙansu sun kewaya duniya."

Na bar masa Auraki amana, na rataya taɓarya a baya, na hau gada. Ina tsakiya sai ɗaya daga cikin ƙananan ta zo. Igiyar da nake takawa ta tsinke, na tafi ƙasa. Taɓaryar da ke gicciye a bayana ce ta maƙale tsakanin igiyoyin riƙo biyu, na yi ta lilo a kan ramin da ba a ganin ƙarshensa, har Jatau ya rarrafo ya jawo ni. Ya ce, "Wannan sandar da aka ce ta kashe mutum, yau dai ta ceci ɗaya. In an zo shari'a ka kira ni shaida."

Na gangara bakin teku, na shiga jirgin masunta. Tun kafin mu iso na ji Tsibirin Rawa: ganguna, guduma, da lugude irin wanda ban taɓa ji ba, da taɓare masu tsawon mutum biyu. A tsakiyar tsibirin wani dutse ne ke fitar da hayaƙi. Gidajensu duk na gora da zana, marasa nauyi, in ɗaki ya faɗo maka sai ka ture shi ka tashi. A ƙofar kowane gida an ajiye ƙwarya cike da ruwa. Ina sauka ruwan ƙwaryar da ke kusa da ni ya fara rawa, ƙasa ta yi lilo, na kwanta rub da ciki ina salati. Wata mai tallan kifi ta tsallake ni ta ce, "Baƙo ne, ku bar shi, zai saba."

Aka kai ni wurin Iya Gwamma, tsohuwar da ta yi rayuwarta tana dafa wa matuƙa abinci a jirgi, ta ga gaɓar ƙasashe fiye da yadda za ta iya tunawa. Na same ta tana dama kunu a wata babbar tukunya.

Ta ce, "Lale da angona. Ka zo da sandar daka maimakon lefe?"

Na ba ta labari tun daga Laraba har gada. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "A nan ƙasa takan motsa kamar yadda kasuwa ke ci, wani lokaci ma fiye. Matanmu na daka ko ba sa yi, ba ruwanta. Miƙo mini sakainun can."

Na miƙa mata ɓallin tsohuwar ƙwarya. Ta jera su a kan kunun mai kauri, gefe na taɓa gefe, har suka rufe shi. Ta ɗora ƙwayar gero a tsakiyar wata faffaɗar sakaina, ta ɗora wata a bakin gefe. Ta iza wuta. Kunu ya fara juyawa daga ƙasa, sakainu suka soma tafiya a hankali. Wasu na rabuwa, kunu na ɓulɓulowa ta tsakaninsu. Wasu na gogar juna. Wata ta cusa kai ƙarƙashin 'yar'uwarta. Biyu suka cije, suka tsaya, suka tsaya, sannan ɓat, suka suɓuce. Ƙwayar da ke gefe ta yi tsalle ta faɗa kunu. Ta tsakiya ko gezau.

Ta ce, "Haka Ubangiji ya yi ta. Cikinta zafi ne, bayanta kuwa ba ƙwarya ɗaya ba ce, sakainu ne. Matuƙanmu sun lura, garuruwan da ke yawan girgiza a jere suke kamar ɗinki, inda duwatsun wuta suke, inda manyan ramuka suke. Mu muna bakin gefe. Mutanen Tsaga suna kan gefen kansa. Mutanen Lallaɓa ma ba su da nisa da shi, ko da za su daina numfashi ba za ta fasa ba. Ku kuwa kuna tsakiya."

"To Iya, in muna tsakiya, me ya kashe Inna Tabawa?"

Ta tsamo faffaɗar sakainar, ta goge, ta nuna mini wani siririn layi. "Tsohon tsagu. Kowace sakaina tana da shi. In matsi ya yi yawa daga gefuna, wata rana shi ma yakan motsa, bayan zamani mai tsawon da jikoki sun manta. In babba ta zo, ƙanana sukan biyo ta kamar 'yan tsaki bayan kaza, suna raguwa har su ƙare."

Na ce, "Ke nan in na koma zan iya rantsuwa ba za ta sake ba?"

Ta dube ni ta ce, "A'a, angona. Kada ka rantse a kan abin da ba naka ba. Zai yi wuya, amma ba a ce ba zai yiwu ba. Abin da za ka iya rantsewa a kai shi ne, ba yayarka ba ce."

Ta ba ni ƙwarya irin ta ƙofar gida, ta sa jikokinta matuƙa suka bi da ni ta wani kogi da ya rage mini hanya. Ina tafe ina kallon gonaki, dawa ta yi ja, gero ya sunkuyar da kai.

Na shiga Birnin Natsu ana shigo da dammunan farko. Da ƙyar na gane garin. Yara sun rame, mutane na tafiya da sanɗa, har na ga waɗanda suka fara naɗe ƙafa da tsumma. Aka gaya mini ƙasa ta ɗan motsa bayan tafiyata, ba sau ɗaya ba, kowane lokaci kuma Barmo ya ce wata ce ta yi daka a ɓoye, aka yi ta bincike gida gida. Filin kasuwa cike yake. An sauko da Hakama a kan tabarma, ta yi fari, ƙafafunta ba sa ɗaukarta. Ga gungume, ga wuƙa.

Na ratsa jama'a na ce, "Ranka ya daɗe, a saurare ni kafin a yanka."

Magaji ya ba ni izini. Na ba su labarin ƙauyen rijiya, da Lallaɓa, da Tsaga, da tukunyar Iya Gwamma. Na faɗi duk abin da na gani ban rage ba.

Barmo ya ce, "Kun ji? Ya kewaya duniya ya dawo mana da kunu. Ni uwa na binne, Nomau, ba sakaina ba."

Na ce, "Allah ya jiƙan Inna. Amma hannun yayata ba zai dawo da ita ba, Wakili." Na warware tabarma na fito da taɓaryar. Jama'a suka ja da baya. Na ajiye ƙwaryar, na cika ta da ruwa. "Mutanen tsibiri da wannan suke gane motsin ƙasa, komai ƙanƙantarsa. A tada turmi, Hakama ta daka. In ruwan nan ya motsa, ku haɗa da hannuna."

Na faɗi haka ne maganar Iya Gwamma na kunnena: zai yi wuya, amma ba a ce ba zai yiwu ba.

Magaji ya ɗaga kai alamar amincewa. Aka mirgino turmi, aka zuba sabon gero. Na kama Hakama ta miƙe. Ta shafa taɓaryar, ta ce a hankali, "Ka bar ta ta sha rana, dubi yadda ta bushe." Ta ɗaga, ta buga. Ta sake bugawa. A bugu na gaba amonta ya dawo.

Ruwan ƙwarya ya yi rawa.

Kowa ya gani. Da kowane bugu sai zobe ya tashi a fuskar ruwan. Ni da wautata na ajiye ƙwaryar dab da gindin turmi. Mata suka yi kururuwa, wasu suka zube ƙasa. Barmo ya ɗaga murya, shi da ya hana kowa, ya ce, "Da bakinsa ya faɗa! A kawo wuƙa!" Dogarai suka riƙe ni, suka ɗora hannuna a kan gungume. Duk hikimar da na kwaso daga duniya ta gudu ta bar ni.

Hakama ba ta tsaya ba. Tana daka tana magana, kalma na bin bugu.

"Barmo! Na ji, ruwa ya motsa. Kowace mace ta san in tana daka, kwanon da ke gefenta yakan yi rawa. Amma Inna ba a gindin turmina ta rasu ba. Ɗauki ƙwaryar nan da hannunka, kada ka ba kowa. Kai ta ɗakin Inna, ka ajiye a inda ka tono ta. In taɓaryata ta kai can ran Laraba, yau ma za ta kai. In ruwan ya motsa a can, ga hannu biyu, nawa da na ƙanena."

Barmo ya tsaya. Tun ranar jana'iza bai sake taka wurin ba, kowa ya sani. Magaji ya ce, "Ɗauka, Wakili. Gaskiya ta faɗa."

Ya ɗauka. Dogarai suka tasa ni gaba, jama'a suka bi mu. Muna tafe sai na ji amo ya ƙaru a bayanmu. Wata tsohuwa ta ciro taɓaryar da ta ɓoye a cikin rufin ɗaki ta shiga. Wata ta kawo muciya. Wata ta zaro ƙotar gatari. Turame suka tashi daga kife ɗaya bayan ɗaya, har lugude ya cika garin, irin wanda ko a bikin Sarkin Pawa ba a yi ba.

A ƙofar yamma ɗakin yana nan yadda ya rufta, ciyawa ta tsiro a kai. Barmo ya hau tarin ƙasar, ya durƙusa, ya ajiye ƙwaryar a cikin ramin da faratansa suka tona. Ruwan ya yi ta kaɗawa, sannan ya lafa, ya kwanta. Daga kasuwa ana jin taɓare kamar aradu. Muka zuba ido. Barmo ya sunkuya, ya daɗe yana kallo, babu abin da ke cikin ruwan sai sararin sama da fuskarsa. Abin da ya fara motsa shi hawayensa ne da ya ɗiga.

Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "To wa zan riƙe, Nomau?"

Na ce, "Babu kowa, Wakili."

"Ni na ƙara wa soron nan ƙasa bara. Don kada ya yi mata yoyo."

Na ce, "Duk haka muke gini. Ba wanda ya sani."

Ya yi kuka irin wanda bai yi ba ran jana'iza. Dogarai suka sake ni, ba tare da an ce su saka ba.

Da muka koma kasuwa Hakama tana nan tana daka, tafukanta sun fashe, jini na bin taɓarya. Magaji ya ce, "Hakama, ya isa, an wanke ki." Ta ce, "Ranka ya daɗe, ban gama ba. Geron bai yi laushi ba." Sai da ya yi, ta tankaɗe, aka dafa, ta kirɓa, ta cura. Ta dama furar farko a cikin ƙwaryar nan ta tsibiri, ta miƙo mini.

"Kai wa Barmo. Ka ce masa rabon Inna ne, kullum in na yi lugude nakan aika mata. Ka kuma ce masa ya dawo mini da ƙwaryata, kuma taɓaren da ya ƙone, shi zai sassaƙo."

Ya sha, ya dawo da ƙwaryar, ya kuma sassaƙo. Ɗakin da ya sake ginawa a ƙofar yamma, da kara da zana ya rufa shi, wasu suka yi masa dariya, wasu suka kwaikwaya. Da rani na koma Tsaga na karɓo Auraki, na tarar ya yi ƙiba ya manta ni.

Nan hanyar ta kawo mu. Abin da na gani na faɗa, abin da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa Mai ita ya fi kowa sani. Ku tashi a hankali ko da ƙarfi, yadda kuka ga dama, ba za ta ji ku ba.